Hajiya, Motar da Takarda Ta Ce Tawa Ce

Safiya, Abba, da ke Ummi 'yar auta, wannan babin naku ne. Ku karanta shi a zaune, don na san baffanku Tanko ya riga ya ba ku nasa a tsaye. Shekara da shekaru yana yawo gidan suna da gidan biki yana cewa ubanku ya samu mota sukutum a ƙasar Larabawa, ya ɗauka ya ba 'yan Gana kyauta, ya dawo gida da jakar leda da tari. Jakar leda gaskiya ce. Tarin ma gaskiya ne, har yau kuna jin sa. Motar ce nake so mu zauna a kanta, don a bakin Tanko kullum girma take yi: bara bas ce, bana ta zama tirela, in Allah ya kai mu baɗi jirgin ruwa za ta koma. Ni da duk unguwa ta sani da ƙara wa miya gishiri, yau ga ni ni ne mai ragewa.

Lokacin da nake Doha, direban wani kamfanin kayan gini ne ni a Sana'iyya, unguwar gareji da sito-sito, inda zafi ke dafa ƙwai tun yana cikin kaza. Ɗakinmu kuwa yana Bin Umran, gado kan gado, munsharin na sama shi ne fankar na ƙasa. A nan na san Malam Sule, wani dattijo mai gadi, mutumin wajen Gusau, wanda ya daɗe a ƙasar har ana cewa shi ya nuna wa teku inda za ta kwanta. Wata rana wani ɗan ƙasarmu ya rasu a wurin aiki, ba dangi, ba kowa. Malam Sule ya ji labari ya tari tasi ya tafi maƙabartar Misaimir, ya tarar daga shi sai ma'aikatan wurin. Ya dawo bai ci abinci ba. Ranar Juma'a ya tara mu a ɗakinmu, ya ce in dai yana numfashi, ba za a sake binne mai jin Hausa a garin nan ba kowa a bayansa. Haka aka haifi 'Yan Rakiya. Ba ofis, ba tambari, ba rajista da hukuma. Mutane ne kawai da suka yi alkawarin bin gawar juna, kuma suka ga cewa alkawari ba ya tafiya a ƙafa daga Sana'iyya zuwa Misaimir. Aka yi karo-karo aka sayi wata tsohuwar bas fara, irin ƙananan nan da ake zuwa Zariya da su. Shekarar farko muka je Umara da ita ta ƙasa, ta je ta dawo ba ta ko yi atishawa ba. Tun daga nan sunanta ya zama Hajiya.

To a can, mota ba ta zama ba uba. Dole a rubuta sunan mutum a katinta, wanda suke kira istimara, kuma ƙungiyar da hukuma ba ta san da ita ba, ba ta da sunan da za a rubuta. Aka duba aka ga ni ne mai lasin tuƙi, kuma kafil ɗina, wato ubangidan da takarduna ke hannunsa, mutum ne mai sauƙin kai. Sai aka sa sunana. Ranar da muka karɓo ta, a wani fili bayan gidanmu, Malam Sule ya ɗora tafin hannunsa a goshinta, ƙarfe na ƙuna amma bai ɗauke ba, ya dubi jama'a.

"Ku shaida," ya ce, "motar nan wakafi ce. Ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. Sunan Habu aro muka yi, kamar yadda ake aron tabarma ranar suna."

Na ce, "Allah gafarta Malam, in 'yan hanya suka ci ta tara fa? Ita ma tarar wakafi ce?"

"Tara taka ce, ɗan nema. Ladan ne namu gaba ɗaya."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha, aka watse. Ba wanda ya rubuta komai. Mu mutanen da aka raina a kan cewa magana a gaban shaidu ta fi biro nauyi, ya za a yi mu tsaya rubutu? Ba wanda ya tuna cewa a ƙasar nan shaidu ma biza gare su, kuma biza ƙarewa take.

Shekarun da suka biyo baya, in na rufe ido yanzu, kamar a cikin ruwa nake ganinsu. Akwai wasu safiyoyi na lokacin sanyi da raɓa ke tasowa daga teku ta lulluɓe garin, dogayen benayen nan na gilas su yanke daga ƙasa, su rataye a sama kamar an shanya su a igiya. A irin wannan safiyar nake bin sansanonin ma'aikata ina ɗiban mutane, wannan da rigar gadi, wancan da takalmin aiki, kowa da barci a ido. Hajiya na tafiya a hankali kamar mai tsoron tayar da titi. Sai can wani ya fara salati ƙasa-ƙasa, sauran su karɓa, injin ma ya shiga sahu, har in rasa ko mu ne muke tafiya ko garin ne yake wucewa ya bar mu. Wallahi akwai ranar da na rantse tayoyinta ba su taɓa kwalta ba daga Sana'iyya har ƙofar maƙabarta. Kun ce ina ƙari. To ku rage rabi, abin da ya saura ma ya isa.

Ƙungiya kuwa ba faɗa ne ya kashe ta ba, ba kuma wanda ya gudu da asusu. Narkewa ta yi kamar ƙanƙara a aljihu. Manyan gine-ginen da suka tara mu suka ƙare, kamfanoni suka fara sallama, yau a raka wannan filin jirgi, gobe wancan. Sannan Malam Sule ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba. Ranar jana'izarsa Hajiya ta ɗauki mutanen da ko jirgin ƙasa sai ya yi sawu biyu, wasu a cinyar wasu. Ashe cikarta ta ƙarshe ke nan a hannunmu. Bayan shi, zauren da muke hira a waya ya yi tsit, sai dai wani ya turo addu'ar Juma'a daga Sakkwato, ba mai cewa amin. Na waiga wata rana na ga duk wanda ya tsaya a filin nan ranar da Malam ya ɗora hannu, ko yana gida Najeriya, ko yana Misaimir a kwance. Saura ni, da Hajiya a gindin bango tana shan ƙura, sai in tashe ta jefi-jefi don kar batir ya mutu.

Sai nawa ya zo. Kamfani ya ce kwantiragi ya ƙare, na gode, Allah ya ba da sa'a. Da na je neman takardar fita ta ƙarshe, aka ce mini ba mai barin ƙasar da mota a sunansa. Ƙofa uku ce: ka sayar, ka fitar da ita zuwa ƙasarku, ko ka mayar da ita sunan wani. Na fito na zauna a inuwa na kira mamanku. A lokacin, Abba, kai ka gama sakandare, ka samu gurbi a wata makarantar gaba, ana jiran abin da zan turo. Ni kuma aikin da nake turowa da shi ya mutu.

"Malam," ta ce, "motar nan da sunan wa take?"

"Da sunana, Maman Safiya, amma..."

"Wa yake zuba mata mai tun da aka watse? Wa ya sa mata taya?"

"Ni ne."

"Waye ya rage a garin da zai ce ba taka ba ce?"

Amsar ita ce ba kowa. Kar ku ce mamanku mai kwaɗayi ce. Mace ce da ta riƙe gida ita kaɗai shekaru, tana tarar ruwan rufi da bokiti, kuma ta iya lissafin rayuwa fiye da ni. Ta ce in saka motar a jirgin ruwa ta sauka Legas, in kama layin Kano zuwa Zariya, yaro ya tafi makaranta, ni kuma in tsufa a kujerar da na sani. Tana magana ina ganin abin kamar majigi: ga ni a tasha da hula a karkace, ana cewa Alhaji Habu ɗan Katar, motarsa har Makka ta je, wanda ya hau ta ya samu rabin ladan Umara. Kafin mu ajiye waya har na raɗa wa kwandastana suna.

Washegari na kai ta garejin Ayuba don a duba ta kafin tafiya. Ayuba makanike ne mutumin wajen Jos, Kirista, amma Hausarsa ta fi ta Tanko gishiri. Tun zamanin Malam Sule shi ke gyara mana Hajiya, kuma sau da yawa sai an yi rigima kafin ya karɓi ladan hannunsa. Ya shiga ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai nake gani, na ba shi labarin Kano zuwa Zariya da duk kayan miyansa. Ya ci gaba da kaɗa sifana.

"Oga Habu," ya ce daga ƙasa, "ka san zumuntarmu ta masu sujada da Hausa ta mutu bara?"

"Allah sarki. Me ya ci ta?"

"Abin da ya ci taku. Muka ragu har mai wa'azi ya zama shi ne mai amin. Muna da kujeru, da ganguna, da wata piyano ta lantarki. Ni na sa mata ido, na ce 'yata tana koyo a gida, kuma ni na fi kowa zubi lokacin saye. Dattawan da ke kula da harabar majami'u suka ce a'a. Kayan ikilisiya ba naman layya ba ne da za a kasa. In ikilisiya ta mutu, 'yar'uwarta ce ke gadonta. Aka yi takarda, muka sa hannu, aka miƙa wa 'yan Uganda."

"Ka bari? Kai da ko ƙusa ba ka bari a ƙasa?"

Ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai. "Ranar sujada in na wuce ƙofarsu, ina jin muryar piyano ɗin nan. Ban san abin da suke cewa ba, amma ita na san ta. Sai in ɗan tsaya." Ya koma ciki. "Miƙo min sifana mai lamba sha biyu."

Na miƙa masa, na ce ai su rajista gare su da dattawa, mu kuwa ko tambarin dankali ba mu da shi. Ya ce haka ne. Bai ƙara ba, kuma wannan rashin ƙarin ne ya bi ni har gida.

Don in kashe bakin zuciyata sai na nemi Nasiru, wani yaro ɗan Katsina da yake karatun digiri na sama a fannin shari'a, wanda kan bi mu jana'iza in ba shi da aji. Fatawa mai laushi na je nema, irin wadda ake shafawa a kwanta. Na saya masa shayin karak don ya san inda zai karkata. Ya saurare ni tsaf, ya gyara tabarau, ya ce a dokar ƙasar nan motar tawa ce, ba kotun da za ta tare ni ko da na mai da ita kejin kaji. Ya ce a gida kuwa, ƙungiyar addini mai rajista, ta masallaci ce ko ta coci, in aka rushe ta, ba a raba wa 'ya'yanta kayanta, sai a mayar wa wata mai irin aikinta. A fiƙihu ma, in masu wakafi suka ƙare, ana kai shi inda ya fi kusa da niyyar wanda ya yi.

"Lauya," na ce, "shayi na saya maka, ba lacca ba. Tawa ce ko ba tawa ba?"

"Baba Habu, takarda tana bayanka. Hannun Malam Sule ne kawai ba ya bayanka, shi kuma yana ƙarƙashin ƙasa."

"To a cikin biyun wa ya fi ƙarfi?"

"Wannan ba a koya mana shi a aji ba."

Na ce ya mayar min da shayina. Ya shanye yana dariya.

Ban fasa ba. Na je wurin masu loda motoci a jirgi, muka yi magana, suka ce in kawo ta a makon. Na ce wa kaina ai niyyar Malam taimakon bayin Allah ce, ɗana kuma bawan Allah ne, shi ke nan, khalas. Rannan da azahar, bayan na wanke ta, na kunna mata sanyi na kishingiɗa a kujerata, barci ya ɗauke ni. Sai ga ni ina tuƙa ta a kan teku, ruwa lumui kamar sabuwar kwalta, kifaye na ba ni hannu. Muka wuce wasu ƙasashe masu kama da gajimare, muka sauka Kano ta wajen Na'ibawa, garin duk ya yi fari, ba hayaniya, ba ko ɗan acaɓa ɗaya. Mota cike. Na juya na ce, jama'a, kuɗin mota. Sai na ga duk mutanen da muka raka ne, kowa cikin farin mayafinsa, suna ta laluben jikinsu cikin kunya, suna neman aljihu, babu. Ba wanda ya yi fushi. Wani ma har haƙuri yake ba ni. Ina cikin cewa ku bar shi, ku bar shi, waya ta tashe ni.

Muryar wani saurayi ce, da irin Hausar nan ta Zangon Kumasi wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce sunansa Awudu, mai gadi ne a wani sito a Sana'iyya. Wani mutum ya rasu a sansaninsu, ba ɗan Gana ba ne, ba su ma tabbatar da garinsu ba, Hausa dai yake ji. An gama takardu, za a binne shi bayan la'asar.

"An ce kai ne mai motan gawa, Baba."

"Kai, gyara bakinka. Motar masu rai ce, masu bin gawa. Kuma ka makara, ɗana. Ƙungiyar ta mutu tuni."

Sai ya ce, "Shi motan ma ya mutu ne?"

Na dubi Hajiya, ga ta a wanke, injin na kaɗawa kamar zuciyar jariri. Na so in yi ƙarya, ni da ƙarya ba ta taɓa yi min wuyar fita ba, amma ranar ta maƙale. Na ce ya faɗa min inda suke.

Na tarar da su a bakin titi cikin rana, jere kamar masu jiran rabo. Ban san ko mutum ɗaya ba. 'Yan Zango ne mafi yawa, da wani Ba'adare daga Nijar, da wani dogo da ya ce kakanninsa Hausawa ne da suka tsaya a Sudan a hanyar hajji ba su ƙarasa ba. Suka shiga, Awudu na cewa yalla yalla, wato a yi sauri, mota ta cika har ƙofa. Rana ta yi laushi, ƙura ta sa ta zama kamar faranti, titin gabana na rawa kamar ruwa. Muna cikin tafiya wani daga baya ya ɗauko salati, kuma da irin karin da muke yi, ban san inda ya samo shi ba. Na ɗaga ido na dubi madubi, sai fuskokin suka riƙa sauya mini, in ga baƙo, in ƙifta in ga wanda ya tafi Sakkwato, in sake ƙiftawa in ga baƙon. Na rage gudu don kar in kai mu inda ba mu shirya ba. A hanya Awudu yake gaya mini suna da zama duk Juma'a, su ma sun yi wa juna alkawarin rakiya, amma tasi suke haɗawa, kuma sau da dama kafin su iso an riga an rufe, sai dai su yi wa tudun ƙasa addu'a su juya.

Rannan ba su makara ba. Muka yi sahu, aka sallaci mutumin da ba wanda ya san sunan uwarsa, muka zuba masa ƙasa da hannuwanmu. Da za mu fito na bi ta layin da Malam Sule yake. Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce min ba. Amma ina tafe ina jin tafin hannuna na zafi kamar na dafa ƙarfe.

Da safe na kira mamanku. Na yi ta kewaye-kewaye, na ba ta labarin kifaye da teku, na sa dariya inda ba ta. Ta bar ni har na ƙare.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Wato motar ba za ta zo ba."

"Ba tawa ba ce, Hajara. Sunana ne kawai a kanta."

Ta ce, "To, Malam. Ka gaya wa Abba da bakinka. Ni ba zan iya ba." Ta kashe wayar. Har na baro ƙasar ba ta sake ɗaukar kirana ba, sai dai Safiya ta ɗauka ta ce Mama tana wanki. Wankin da aka yi a gidanmu a watan nan, ko asibiti bai yi shi ba.

Abba, ka tuna kiran. Ka ce mini "ba komai, Baba" da muryar da ta fi kuka ciwo. Shekarar da ka zauna a gida abokanka suka tafi, har ka ƙare a shagon walda, wannan ce, kuma wannan ne dalilinta. Ba zan ce maka walda ta fi karatu ba don in wanke kaina, ƙarya ce, kuma yau na yi alkawarin ragewa. Shekararka ba ni da inda zan samo ta in mayar maka. Amma motar ban hana ka ita ba. Ba ni da ita ne.

Wannan karon ba mu yarda da baki kaɗai ba. Nasiru ya rubuta yarjejeniya da Larabci da Hausa, cewa motar wakafi ce ta rakiyar gawa, sunan Awudu aro ne, in zai bar ƙasar ko zamansu ya watse, zai miƙa ta ga masu irin aikin. Jama'arsu suka sa hannu, Nasiru ya sa, har Ayuba ya zo da baƙin mai a yatsa ya dangwala. Sannan muka tafi ofishin 'yan hanya, murur, don a sauya sunan. Jami'in, wani matashi mai ƙamshin turare, ya tambaye ni nawa na sayar. Na ce ban sayar ba. Ya ce to kyauta ce? Na ce wakafi ce. Ya leƙa ta taga ya dubi Hajiya, da fentinta da ya koɗe da madubinta ɗaure da waya, ya dube ni, ya yi murmushi ya ce Allah ya karɓa. Ya duba na'urarsa sama da ƙasa, ya ce ba gurbin wakafi a nan, sai sayarwa ko kyauta. Na ce ya sa wadda ba ta da kuɗi a ciki. To kun ji inda baffanku ya samo labarinsa. Ya ga takardar a jakata ya sa aka karanta masa. Takarda ta ce mota tawa ce, ta yi ƙarya. Ta ce na yi kyauta, ta sake yi. Tanko kuwa bai taɓa jin ƙaryar da ya ƙi ɗauka ba in dai da hatimi a jikinta.

Muka fito, na zaro makulli na ba Awudu. Ƙafata da kanta ta nufi ƙofar direba, sai da ya yi gyaran murya.

"Baba, ina za mu kai ka?"

Na ce Bin Umran. Yaransa sun cika gaba, suna ta rige-rigen tashi su ba ni wuri, na ce kowa ya zauna, yau ni fasinja ne, kuma fasinjan kirki baya yake tafiya. Na kutsa har kujerar ƙarshe ta lungu na zauna. Wani ƙarfe ya soke ni a mazauni, sukar da na ji ta har a haƙori. Na yi ƙara na ce wane ɗan banzan ne ya lalata min kujera daga karɓar mota? Suka ce, Baba, ai ba wanda ya taɓa ta, haka take. Na shafa, na ji ƙarfen ya yi santsi, ya goge, irin gogewar da sai an shekara ana zama a kai. Sai na tuna nan ne wurin Malam Sule. Kullum shi ke fara shiga ya wuce can, in an ce ya dawo gaba ya ce a'a, shi mai son lungu ne. Tsohon nan ya yi shekaru yana zaune a kan ƙusa don kar wani ya zauna, bai taɓa gaya wa direba ba. Suka ce in dawo gaba. Na ce ku ja mota. Na zauna a kai daram har Bin Umran, ina kallon garin ta gilashin baya yana ja da baya, benaye na shiga cikin ƙura ɗaya bayan ɗaya, abin da ban taɓa gani ba duk zamana, don direba gaba kawai yake gani.

Da na sauka a ƙofar gida, Awudu ya leƙo ta taga.

"Baba, ranar tafiya ka kira ni. Mu duka za mu raka ka filin jirgi da shi."

"Kai, rufa min asiri!" na ce. "Ka san irin mutanen da motar nan take rakawa? Ni da ƙafata zan tafi, kuma akwai matar da ke jirana da faɗa. Ku bar ta ga masu ita."

Suka ja, suna dariya, hayaƙinta na bin su. Na tsaya har ta sha kwana. Ranar tafiya na tari tasi, ni da jakar ledata.